Gwajin Ji Bayan Sanƙarau: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi

Idan yaro ya tashi daga sanƙarau, gida yakan cika da hamdala da 'yan barka, kuma abin ya kai a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da sanƙarau na bakteriya ya kama, ɗaya yakan rasu, cikin biyar kuma ɗaya yakan tashi da lalura mai ɗorewa. Raunin ji na sahun gaba a cikin lalurorin nan. Ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya sa yaro kuka, kuma lokacin da za a iya yin wani abu a kansa gajere ne ƙwarai.

An sallame mu, likita ya ce yaro ya warke. Me ya kawo maganar gwajin kunne kuma?

Warkewar da likita yake nufi ita ce ƙwayoyin cutar sun mutu, zazzaɓi ya sauka, wuya ya saki, yaro ya koma cin abinci. Ɓarnar da suka yi kafin magani ya ci ƙarfinsu kuwa tana nan inda suka bar ta. Sau da yawa a kwana ɗaya ko biyu na farkon ciwon suke taɓa kunne, lokacin da yaro yake kwance bai san inda kansa yake ba, kowa ta ransa yake yi.

A lissafin da likitocin yara suka daɗe suna aiki da shi, kusan yaro ɗaya cikin goma da suka tsira yakan tashi da raunin ji na dindindin, a kunne ɗaya ko duka biyun. Adadin yana hawa da sauka gwargwadon ƙwayar da ta kawo ciwon. Numokokas, wadda ita ce take kawo nimoniya, ta fi kowace muni ga kunne. A wasu binciken ta kurmantar da kusan ɗaya cikin uku. Meningokokas, mai kawo annobar da muka saba gani daga hunturu zuwa bazara, ɓarnarta a kunne ba ta kai haka ba, sai dai tana kwasar jama'a da yawa lokaci guda. A annobar 1996, a Najeriya kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Ku ɗauki ko da ɗan kaso na waɗanda suka rayu, za ku gane dalilin da ya sa idan aka bi asalin kurumtar yaran makarantun kurame na Arewa, sanƙarau da ƙyanda suke yawan fitowa.

Ciwon kai da wuya ne. Ta ina ya isa kunne?

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ƙwayoyin kuma suna yawo a ruwan da yake kewaye da su. Can cikin ƙashin kai, gaba da dodon kunne, akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ita ma cike take da ruwa, kuma akwai siririyar hanya da ta haɗa ruwanta da na ƙwaƙwalwa. Nan ce babbar ƙofar da ƙwayoyin suke bi.

Cikin katantanwar akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne suke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiyar ji take kai wa ƙwaƙwalwa. Dafin bakteriya da kumburin da jiki ya tayar don yaƙarta suna kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Duk wannan yana faruwa ne a inda ido ba ya kaiwa. Ma'aikacin lafiya zai haska kunnen da fitila ya gan shi garau, dodon kunne lafiya, babu mugunya, alhali yaron ba ya jin komai da shi. Saboda haka kada wanda ya leƙa da fitila kawai ya ce muku an gwada ji.

Yaushe ya kamata a yi gwajin?

Kafin a bar asibiti, da zarar yaro ya farfaɗo ya samu ƙarfin da za a gwada shi. Idan hakan bai samu ba, to kada a wuce mako huɗu. Wannan shi ne ƙa'idar NICE, hukumar da take tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, kuma a kansa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a jagorar kula da masu sanƙarau da ta fitar a Afrilun 2025. Kowane yaro ake nufi, har wanda iyayensa suke rantsuwa yana ji.

Me ya sa ake wannan gaggawa? Ba gara a bar shi ya murmure tukuna ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan.

Bayan kumburi ya lafa, jiki yakan shiga gyaran wurin kamar yadda yake yi wa miki. A cikin katantanwa gyaran nan ne yake zama masifa. Da farko wani nama mai zare-zare yakan cike hanyar ruwan, daga baya naman ya sandare ya koma ƙashi. A wasu yaran ana fara ganin alamar haka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma cikin 'yan watanni hanyar tana iya toshewa gaba ɗaya. Ba kowane yaro yake samun wannan ba. An fi ganinsa bayan numokokas, kuma babu yadda za a gane daga waje wane ne zai samu.

Abin da ya sa ya dame mu shi ne, yaron da jinsa ya tafi baki ɗaya, hanya guda da ta rage ta mayar masa da sauti ita ce na'urar da ake dasawa, kuma siririyar wayarta cikin wannan hanyar ruwan ake zura ta. Duk wanda ya taɓa gini ya san bambancin sa bututun waya tun siminti yana ɗanye da zuwa a fasa bango bayan ya bushe. Idan ƙashi ya riga ya cika katantanwa, dole likita ya huda, wayar ba lallai ta shiga duka ba, kuma jin da za a samu yakan ragu. Wani lokaci dashen ma ba ya yiwuwa.

Akwai agogo na biyu da yake bugawa, wato na harshe. A shekaru ukun farko ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ɗaukar magana, kuma duk watan da ya wuce ba ta jin komai asara ce. Wanda ya riga ya fara magana ma bai tsira ba. Ɗan shekara biyu ko uku da ya daina jin muryar kansa, kalmominsa sukan fara lauyewa, sannan su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari mutanen gida suna cewa ciwon ya "ɗauke masa baki". Bakin lafiyarsa lau, kunne ne ya tafi.

Mun gwada shi a gida. An tafa hannu ya waiwayo, an yar da kwano ya firgita. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, kuma wannan gwajin ya yaudari iyaye da yawa. Yaro mai raunin ji yakan zama mai kaifin ido. Yana ganin inuwar hannunku a bango, yana jin iskar tafin a ƙeyarsa, yana karanta fuskar yayarsa da take kallon bayansa. Kwanon da ya faɗi kuwa girgizarsa takan bi daɓe ta shiga jikinsa. Idan kunne ɗaya ne ya mutu, ɗayan zai ji duk abin da kuka yi.

Sannan tafi da faɗuwar kwano ƙara ce mai ƙarfi, magana kuwa a ƙananan sautuka take tafiya. Sautuka irin su s, sh, f, ts da k sirara ne, kuma su ne sukan fara ɓacewa. Yaron zai ji muryarku sarai, amma "tsaya" da "saya" duk ɗaya ne a kunnensa, haka "fita" da "ita", haka "sha" da "sa". Irin wannan yaro ne ake yi wa tambarin taurin kai, ana cewa sai abin da ya ga dama yake ji. Ya sha bulala a makarantar allo a kan laifin da ba nasa ba.

Yaya ake yin gwajin? Akwai zafi?

Babu allura, babu ɗibar jini, babu zafi. Irin gwajin ya danganta da shekarun yaro, kuma yawanci ana haɗa biyu ko uku.

Mafi sauƙi shi ne wanda ake kira OAE. Ana sa ɗan ƙaramin roba a bakin kunne, na'ura ta aika sauti mai laushi, katantanwa mai lafiya kuma ta mayar da amsa-kuwa wadda na'urar take kamawa. Mintuna kaɗan ne. Rauninsa shi ne ba ya faɗin yawan jin da aka rasa, ba ya duba jijiyar ji, kuma dauɗar kunne ko ruwa a bayan dodon kunne suna iya sa yaro mai lafiya ya faɗi. Tacewa ce ta farko. Ga wanda ya tashi daga sanƙarau, bai kamata a tsaya a kansa kaɗai ba.

Na biyu shi ne ABR, wasu asibitocin suna cewa BERA. Ana manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunnuwa, a sa sauti a kunne, kwamfuta ta nuna yadda jijiyar take amsawa. Shi ne abin dogaro ga jarirai da duk yaron da ba zai iya ba da haɗin kai ba. Sharaɗinsa barci, domin motsi yana ɓata sakamako, kuma yakan ci awa ɗaya ko biyu. Dabarar iyaye mata ita ce a hana jariri barci a hanya, a jinkirta nono har a shiga ɗakin gwaji, ya sha ya ƙoshi ya kwanta. Yaro mai ɗan wayo wani lokaci sai likita ya ba shi maganin barci. Kada ku ba shi da kanku daga gida.

Daga wata shida zuwa kusan shekara biyu da rabi, ana zaunar da yaro a cinyar uwarsa, a saki sauti daga gefe, idan ya waiwaya sai wata 'yar tsana ta haska ko ta motsa. Da haka ake rage sautin har a gano mafi ƙanƙantar da yake ji. Daga nan zuwa shekara biyar wasa ake mayar da abin: duk lokacin da ya ji ƙara ya jefa ƙwallo a bokiti. Wanda ya girmi haka ana sa masa abin sauraro a ɗaki marar hayaniya, ya riƙa ɗaga hannu. A kowane mataki kuma ana auna motsin dodon kunne da ɗan matsin iska, don a san ko akwai ruwa a bayansa. Ku tabbatar an gwada kowane kunne daban.

An gwada shi da aka haife shi, aka ce lafiya.

Wancan sakamakon na kunnen da sanƙarau bai taɓa ba ne. A sake.

An ba mu takarda mai zane da lambobi. Yaya ake karanta ta?

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa tana wajen 30, hirar yau da kullum wajen 60. Lambar da ke kan takardar ita ce mafi ƙanƙantar sautin da kunnen ya iya kamawa, don haka ƙaramar lamba ita ce alheri. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 20 lafiya ne. Daga 20 zuwa 34 rauni ne kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaici, 50 zuwa 64 ya fara tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, daga 80 zuwa sama kuwa ko ihu aka yi da ƙyar ya shiga.

Kada kalmar "kaɗan" ta sa ku sakankance. Babba mai rauni kaɗan yana cike giɓin da abin da ya riga ya sani na harshe. Yaron da yanzu yake koyo ba shi da abin cikewa, kuma a ajin da yara suka haura hamsin rabin karatu zai wuce shi. Kafin ku bar wajen ku yi tambaya uku: wane kunne, wane mataki, sannan matsalar a tsakiyar kunne take ko a katantanwa.

Jin zai dawo?

Ya danganta da amsar tambaya ta uku. Idan ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne, wanda yakan faru ga yaran da suka yi doguwar jinya, yawanci yana janyewa cikin makonni, a sake gwaji a ga ji ya dawo. Sai dai ruwan yana iya ɓoye ɓarnar da ke can ciki, shi ya sa sake gwajin ya zama dole. Idan katantanwa ce ta lalace, wasu yaran sukan samu ɗan sauƙi a makonnin farko, amma rauni mai tsanani galibi ya zauna ke nan. Gara a faɗa muku haka ƙarara da a bar ku kuna jiran abin da ba ya tafe, ƙashi kuma yana cika kunne.

Sakamako ya yi kyau. Mun gama ke nan?

Yawancin yaran da cikakken gwaji ya nuna jinsu lafiya, haka suke ci gaba. Kaɗan daga ciki jinsu yakan ragu daga baya ko ya riƙa hawa da sauka, don haka asibitoci da dama suna sake kiran yaro bayan wasu watanni, musamman ƙanana. Ku koma ranar da aka ba ku. Akwai kuma ganin likitan yara mako huɗu zuwa shida bayan sallama, inda ake duba gani, tafiya, farfaɗiya da ɗabi'a.

A gida ku sa ido. Jariri ɗan wata shida ya kamata ya riƙa juyowa wajen murya yana gwalan-gwalan, ɗan shekara ɗaya ya fara kama kalma kamar "mama" da "baba", ɗan shekara biyu ya haɗa kalma biyu. Jaririn da yake gwalan-gwalan kafin ciwo ya yi shiru bayansa, wannan alama ce babba. A wajen manya kuwa: yawan "na'am?" da "me kika ce?", ƙure ƙarar rediyo ko waya, kafe mai magana da ido, karkata kai gefe guda, ɗaga murya fiye da da, ko ƙorafin cewa kunne yana ƙugi.

Mutane suna cewa allurai ne suka kurmantar da shi, wasu sun ce ruwan bayan da aka ɗiba ne.

Maganar ta samo asali ne daga yadda abubuwan suka jeru: an kai yaro yana ji, an yi masa allurai, an dawo da shi ba ya ji. Amma ciwon ne ya yi ɓarnar, allurar ita ta tsayar da shi. Seftiriyazon, maganin da aka fi amfani da shi a sanƙarau, ba ya cikin magungunan da suke lalata ji. Ɗibar ruwan baya kuma a ƙasan gadon baya ake yin ta, ƙasa da inda laka ta ƙare, ba ta kurmantar da yaro. Ita ce ma take nuna wace ƙwaya ce, wanda yake taimaka wa likitan kunne ya san irin haɗarin da yake fuskanta.

Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce akwai magungunan da suke iya taɓa kunne. Jentamaisin, da ake ba jarirai sabbin haihuwa, yana cikinsu idan ya yi yawa, ko aka daɗe ana yi, ko ƙoda ba ta aiki sosai. A asibiti da nauyin yaro ake auna shi. Inda ya kamata a ji tsoronsa shi ne a hannun mai kemis da yake zuƙa da ka. Kwanakin da ake ɓatawa ana allurar "zazzaɓi" a unguwa kafin a tafi asibiti sun fi kowace allurar asibiti cin kunnen yara.

Babu maganin da zai kare kunnen tun ana jinya?

Akwai desametason, mai rage kumburi. A ƙasashe masu arziki an ga yana rage kurumta, musamman a sanƙarau na ƙwayar Hib, wata bakteriya da ta fi kama ƙananan yara, idan an ba da shi kafin allurar farko ta kashe ƙwayoyin cuta ko tare da ita. Amma wani babban bincike da aka yi kan yara kusan 600 a Blantyre ta Malawi, aka wallafa a 2002, bai ga amfaninsa ba, a wurin da yara da yawa suke isowa asibiti a makare, wasu da tamowa, wasu da cuta mai karya garkuwar jiki. Hukuncin bayar da shi na likita ne a sa'o'in farko. Sayensa bayan sallama ba ya dawo da ji.

Tun da ya tashi yake tangaɗi kamar mai koyon tafiya. Da alaƙa?

Ƙwarai. Gaɓar da take riƙe daidaiton jiki maƙwabciyar katantanwa ce, ruwansu ɗaya. Yaron da yake tangaɗi, ko jiri, ko faɗuwa da zarar duhu ya yi, a ɗauka kunnensa ya taɓu har sai gwaji ya nuna akasin haka, kuma a gaggauta. Tafiyar takan gyaru a hankali domin ido da ƙafa suna karɓar aikin. Kafin nan a nisanta shi da bakin rijiya, kududdufi da hawa bishiya.

Kunne ɗaya ne kawai ya tafi. Ai da sauƙi?

Da sauƙi, zai yi magana. Sai dai ba zai riƙa gane ta inda sauti yake fitowa ba, wanda haɗari ne a titin da babura suke fitowa ta ko'ina, kuma hayaniya tana cinye masa magana. A gaya wa malaminsa ya zaunar da shi a gaba, kunnen mai lafiya yana fuskantar malami. Kunnen da ya rage kuma a riƙe shi kamar ƙwai: a riƙa gwada shi, a yi maganin duk ciwon da ya same shi da wuri, a raba shi da tsinke da bakin lasifikar biki.

An tabbatar ba ya ji sosai. Sai me?

Idan akwai sauran ji, na'urar ƙara ji da ake rataya a bayan kunne ita ce matakin farko, kuma ko jariri ɗan watanni ana sa masa. Dole a saita ta da sakamakon gwajinsa, a yi mata abin toshe kunne daidai da nasa, a riƙa sauyawa yana girma. Wadda ake sayarwa a kasuwa babu saiti, ƙara kawai take ƙarawa, tana iya lalata ɗan jin da ya rage.

Idan raunin mai tsanani ne a kunnuwa biyu, a tura yaro wajen masu dashe nan take, kada a ce sai an gwada na'urar ratayawa wata shida an gani. Za a ɗauki hoton kunne na MRI ko CT don a ga ko ƙashi ya fara. Na'urar da ake dasawa kashi biyu ce: ɗaya a ƙarƙashin fata da wayarta cikin katantanwa, ɗaya a waje tana ɗaukar sauti. Tana tsallake ƙwayoyin da suka mutu ta taɓa jijiyar kai tsaye. Ana kunna ta makonni kaɗan bayan tiyata, daga nan kuma aikin yake farawa, domin sai an yi shekaru ana koya wa yaro fassara abin da yake ji. Wanda ya riga ya iya magana kafin ciwon yakan fi saurin kamawa. Masu wannan na'ura suna da ƙarin haɗarin sanƙarau na numokokas, don haka ana cika musu rigakafinsa kafin tiyata.

Mu talakawa ne, dashe ya fi ƙarfinmu. To mene ne amfanin gwajin?

Dashe yana da tsada sosai, ga batir, ga kayan gyara, ga zirga-zirgar asibiti, kuma yawancin gidajenmu ba za su iya ba. Wannan gaskiya ce. Amma ba kowane yaro ne yake buƙatarsa ba. Da yawa na'urar ratayawa ko ma sauya wurin zama a aji ya ishe su, kuma gwaji ne kaɗai zai nuna wane rukuni ɗanku yake. Wanda kuma yake buƙatar dashen, neman taimakon gwamnati ko masu hali da takardar sakamako a hannu a wata na farko ya fi nemansa bayan shekara biyu, lokacin da ko an samu kuɗin ƙofa ta rufe.

Idan ma babu na'ura ko ɗaya, sanin gaskiya da wuri yana ceton harshen yaro. Wanda ya riga ya iya magana, a ci gaba da yi masa ita fuska da fuska, cikin haske, ba tare da ihu ba, a sa shi ya riƙa amsawa, a haɗa masa da karatu da rubutu da wuri. Sannan a fara maganar hannu yau, gida duka, har da kaka. Hausawa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, cikakken harshe ne da kurame suke hira da ciniki da shi. Ta makaranta kuwa ta samo tushe daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma da ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960. Abin lura, shi kansa sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana yaro. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano suna karɓar yara kurame. Tsoron da iyaye suke yi cewa maganar hannu za ta hana yaro magana da baki ba shi da tushe. Abin da yake cutar da ƙwaƙwalwa shi ne ta yi shekaru babu harshe ko ɗaya.

An ba mu shawarar ɗiga man zaitun ko ruwan albasa, wani kuma ya ce a kai shi wajen wanzami.

Abin da aka ɗiga a dodon kunne yake tsayawa, ɓarnar kuma tana can gaba cikin ƙashi. Ba zai kai ba, kuma yana iya jawo ciwon da zai ɓata gwajin. Cire beli ko tsaga ƙarƙashin harshe ba su da abin da za su yi wa yaron da kunnensa ne ya hana shi magana, sai zubar da jini ga wanda bai gama murmurewa ba. Addu'a kam a yi ta, a hanyar asibiti.

Ina za mu je, me za mu riƙe?

Sashen kunne, hanci da maƙogwaro ake nema, wanda a Najeriya ake kira ENT, a Nijar kuma ORL. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri. A Nijar akwai manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Kafin ku biya kuɗin mota, ku sa wani ya tambaya ko ana yin gwajin da ya dace da shekarun yaronku da kuma ranar da ake yi.

Ku nemi takardar turawa tun kafin sallama, a rubuta ranar da ciwon ya fara, ƙwayar da aka gano idan an gano, da magungunan da aka yi masa. Ku haɗa da katin rigakafi. A wajen karɓar kati ku faɗi kalmar da bakinku: sanƙarau ya yi, ga ranar. Idan an ba ku rana mai nisa, ku nemi ganin likita ku nuna masa takardar, domin duk likitan kunne ya san wannan ba layin jira ba ne.

Lokacin annoba aka yi masa magani a sansani, ba a ɗibi ruwan bayansa ba. Ba mu san irin nasa ba.

A ɗauke shi a matsayin na bakteriya, a gwada. Sanƙarau na bairos ba kasafai yake taɓa ji ba, ban da wanda hangum ya kawo. Idan kuma an riga an wuce mako huɗun, ko an yi shekara, a je duk da haka.

Zai iya sake kamuwa? Ƙannensa fa?

Zai iya, domin ƙwayoyin iri-iri ne, kuma kamuwa da ɗaya ba ta kare shi daga sauran. A Najeriya allurar Penta, mai ɗauke da rigakafin Hib, da ta PCV ta numokokas, ana yin su a mako na 6, na 10 da na 14, ta sanƙarau kuma a wata na 9. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 a Burkina Faso, Mali da Nijar ya karya lagon rukunin A na meningokokas, sai rukunin C ya taso, ya yi ɓarna a Yamai a 2015, sannan a Zamfara, Sakkwato da Katsina a 2017. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kare rukuni biyar: A, C, W, X da Y. Ku duba katin kowane yaro a gidan, a cike abin da aka tsallake, har da na wanda ya yi jinyar.

Yaron da sanƙarau na bakteriya ya kama sau biyu kuwa, ku gaya wa likita a fili cewa wannan na biyu ne. Wani lokaci akwai 'yar ɓaraka a ƙashin kai daga tsohuwar faɗuwa, ko wata tawaya a halittar kunnen ciki, wadda ƙwayoyin suke bi su shiga. Hoton CT yakan nuna ta, kuma ana toshe ta da tiyata.